ICTMD, ƙungiyar masu nazarin kiɗa da rawa ta duniya: me ɗan Damagaram zai samu in ya biya kuɗin shiga?

Ɗalibin da ke haɗa kundin mastar a kan makaɗan fadar Damagaram, da malamin da ya tara kaset-kaset na zabiyoyi a kwali, da ma'aikacin rediyon da ya shekara yana hira da masu goge da gurmi, dukansu akwai ranar da aikin zai fi ƙarfin ɗakin da aka yi shi. Sai an samu waɗanda suka san fannin su karanta, su yi suka, su nuna inda wani ya riga ya taka. A ƙungiyoyin da ke wannan hidima, wadda ta fi dacewa da mai nazarin kiɗan gargajiya ita ce ICTMD, majalisar duniya ta al'adun kiɗa da rawa. Hukuncinmu a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta ga wanda yake da aiki a hannu, kuma zai iya rubuta shafi guda da Ingilishi ko ya samu mai taya shi. Wanda yake neman kuɗin bincike ko guzurin fita waje, ya riƙe kuɗinsa, ba nan ba ne.

An kafa ta a Landan a 1947 da sunan IFMC. Maud Karpeles, mai tattara waƙoƙin gargajiya ƴar Ingila, ce ta yi ɗawainiyar kafa ta, mai tsara kiɗan nan na Ingila Ralph Vaughan Williams ya zama shugabanta na farko. A 1981 ta koma ICTM, a 2023 kuma aka ƙara rawa a cikin sunan ta zama ICTMD. Wannan ya shafi mai bincike kai tsaye, don tsofaffin takardu suna ɗauke da IFMC ko ICTM, kuma duk abu ɗaya ne. Ƙungiya ce mai zaman kanta da ke da hulɗar ba da shawara da UNESCO, har a kan yarjejeniyar 2003 ta kare al'adun da ba a taɓawa da hannu, wadda a ƙarƙashinta aka sa imzad, gogen Abzinawa, a jeri a 2013, da wasan barkwanci na Nijar a 2014.

Biyan kuɗin shi ne cikas na farko, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa. Da Yuro ake biya. Sefa tana ɗaure da Yuro a kan 655.957, saboda haka lissafin ba wuya: kowane Yuro 10 sefa 6,560 ne, jika shida da rabi da ɗan ɗoriya. Akwai farashin mamba na yau da kullum, akwai rangwame na ɗalibi wanda ake neman shaidar makaranta a kansa kuma bai wuce shekara biyar, akwai na ƴan fansho. Akwai kuma wani tsari da ba kowa ya san shi ba: mamban da ke da hali yakan ƙara wani abu a kan kuɗinsa don a biya wa wani daga ƙasar da kuɗin waje ke wuya. Kafin ka taɓa aljihunka, rubuta wa ofishin ƙungiyar wasiƙa gajeriya, ka faɗi sunanka, makarantarka ko wurin aikinka, da abin da kake nazari a kai cikin layi uku, ka tambaya ko za a sa ka a wannan tsarin. Shekarar zama mamba daga Janairu take zuwa Disamba, don haka wanda ya biya a Nuwamba ya sayi wata biyu da kuɗin goma sha biyu.

Kuɗin waya da gidajen aika kuɗi na cikin gida ba su aiki a nan. Sai katin Visa ko Mastercard, kuma katin da ake zuba wa kuɗi tukuna, wanda bankuna ke sayarwa ba sai da asusu ba, ya wadatar. Abu uku ne ke sa biya ya ƙi wucewa: ba a buɗe wa katin sayayyar intanet ta ƙasashen waje ba, ko lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙon waya ta zo bayan shafin ya rufe, ko kuma an zuba kuɗin daidai wa daida ba a bar na cajin banki ba. Ka sa a buɗe katin tun a kanta ranar da ka karɓe shi, ka tabbata layin da aka yi wa katin rajista shi ne a wayarka, ka bar rarar jika biyu ko uku. Aikawa daga banki zuwa banki tana yiwuwa, amma cajinta a kan ƙaramin kuɗi irin wannan ya yi yawa, sai in mutum huɗu ko biyar za su haɗa a aika lokaci guda.

Me ake samu? Mujallar ƙungiyar, wadda aka daɗe da sani da Yearbook for Traditional Music, ta samo asali tun 1949, kuma maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ce ke fitar da ita yanzu. Mujalla ce mai nauyi, ana tura kowace maƙala ga masu tantancewa ba tare da sunan marubuci ba. Sai dai ba za mu ce a shiga ƙungiyar saboda ita kaɗai ba. Tsofaffin fitowarta suna JSTOR, ma'ajiyar mujallu ta intanet, inda asusun kyauta ke barin mutum ya karanta wasu maƙaloli a kowane wata. Jaridar labaran ƙungiyar ma, mai fitowa sau uku a shekara a Janairu, Afrilu da Oktoba, kyauta ce a shafinsu ga kowa. A cikinta ake sanar da taruka da rahotannin ƙasashe da sababbin littattafai. Wanda yake shakka ya sauke fitowa biyu na baya ya karanta tukuna. In ya ga babu abin da ya taɓa aikinsa, ya huta.

Babban taron duniya kuwa, wanda ake yi kusan duk shekara biyu, shi ne abin da aka fi tallatawa kuma shi ne ya fi nisa da mu. Astana a 2015, Limerick a 2017, Bankok a 2019, Lisbon a 2022, Wellington ta Niyu Zilan a Janairun 2025. A Afirka an yi a Legon ta Gana a 1966, a Durban a 2009, sai kuma Legon a Yulin 2023. Daga Damagaram tafiyar tana farawa da kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ko kusan 240 zuwa Kano, kafin a yi maganar jirgi da biza da masauki. Ƙungiyar tana da asusun taimakon tafiya, har da mai sunan Maud Karpeles da wani na matasan masu bincike, amma taimako ne, ba ɗaukar nauyi ba, kuma sai wanda aka karɓi takardarsa yake nema. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai makale.

Ainihin amfanin yana cikin ƙananan rukunonin nazari, waɗanda sun haura ashirin. Akwai na kiɗe-kiɗen Afirka, wanda ya yi taronsa na farko a Durban a 2015, na biyu a Legon a 2018. Akwai na kayan kiɗa, na nazarin rawa, na aiki da sauti da bidiyo, na amfani da bincike wajen taimakon al'umma, da na tsofaffin majiyoyi da ma'ajiyar sauti. Mamba ba ya biyan wani ƙari don shiga rukuni, wasiƙa ce zai rubuta wa shugaban rukunin a sa shi a jerin masu samun saƙo. Tarukansu ƙanana ne, mutum ba ya ɓacewa a ciki, kuma tun bayan annobar korona wasu suna barin a gabatar daga nesa ta intanet. Ga mai nazarin kakaki da algaita da farai, rukunin kayan kiɗa zai fi masa amfani fiye da babban taro sau biyu, don a nan ne zai haɗu da wanda ya auna irin waɗannan kayan busa a Maroko ko Habasha ko Asiya ta Tsakiya, ya ga yadda ake kwatanta tsawo da baki da ƙarfen da aka ƙera su da shi.

Rukunin ma'ajiyar sauti ya cancanci a tsaya a kansa, don yana taɓa wani abu da ke ci wa masu bincike a Nijar tuwo a ƙwarya. Da yawa daga cikin tsofaffin sautukan ƙasar nan ba su cikin ƙasar. Tolia Nikiprowetzky ya naɗi kiɗan maroƙan Nijar a farkon shekarun 1960, kamfanin Ocora na rediyon Faransa ya fitar. Sautukan Jean Rouch da na wasu suna ma'ajiyar cibiyar bincike ta CREM a Nanterre, kusa da Paris, wadda ta gaji ta gidan tarihin Musée de l'Homme, kuma kundinta a buɗe yake a intanet. David Ames ya yi aiki a Zariya a shekarun 1960, shi da Anthony King suka fitar da ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya yi a kan makaɗan fadar Kano, Veit Erlmann a kan kiɗan bori a yankin Maraɗi. Akwai ma'ajiyoyi a Balin, da Biyana, da ɗakin karatu na Birtaniya, da Jami'ar Indiyana. Masu kula da irin waɗannan wurare da yawansu mambobin wannan ƙungiya ne, kuma wasiƙar da ta zo daga wanda suka taɓa jin takardarsa tana samun amsa da sauri fiye da wadda ta faɗo daga sama.

Neman kofi yana da ƙa'ida. Ka fara binciken kundin da kanka, ka gwada rubutun suna iri-iri, don Turawa ba su rubuta mu iri ɗaya ba: Zinder, Sinder, Damagaram, Damagarim, Haoussa, Haussa, Hausa. Ka kwafe lambar kowane faifai, sunan wanda ya naɗa, da shekara. A wasiƙar ka faɗi abin da za ka yi da shi, ka kuma ambaci cewa za ka kai wa iyalan makaɗin ko fada kofi, ka taimaka wajen gano sunayen masu waƙar, don tsofaffin takardu sukan ce "maroƙin sarki" kawai su yi shiru. Wannan tayin shi ne kuɗinka. Ma'ajiya tana da sauti amma ba ta da wanda zai saurara ya ce wannan taken wane ne, wannan kirarin wace sarauta ce. Dattijon da ke Birni ko Zango zai faɗa cikin minti guda. Wasiƙar da ta ce a turo "duk abin da kuke da shi na Nijar" ba ta samun komai. Kuma kafin a kai ga Turai, a fara da gida: cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta CELHTO, da cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya, dukansu a Yamai, da tsofaffin faya-fayan rediyon ƙasa.

Sai maganar takarda, inda ƴan uwanmu suka fi faɗuwa, kuma ba rashin sani ke kayar da su ba. Ana neman taƙaitaccen bayani da bai wuce kalma 300 ba, ƙofa kuma takan rufe tun saura wata takwas ko fiye kafin taro. Masu tantancewa ba su ganin suna. Abin da ke kashe takarda shi ne a rubuta "kiɗan gargajiya a ƙasar Hausa da muhimmancinsa", a cika kalma 200 da tarihin Hausawa, a ƙare da cewa zamani yana kashe al'ada. Sun karanta irin wannan daga kowace nahiya. Abin da suke nema tambaya ce guda, ƙarama, da shaidar cewa an je an gani. Damagaram cike take da irin waɗannan tambayoyi. Masarauta ce da ta tashi ƙarƙashin inuwar Barno, Sarki Tanimun ya ɗaukaka ta a ƙarni na 19, to me ya rage na Barebari a taken algaita da jerin makaɗa ranar hawan salla, me ya zo daga Kano da Katsina? Yaya mai kalangu yake bin karin harshe in yana kiran mahauci a filin hawan ƙaho? Me ya canza a waƙar fada tsakanin zamanin Ma'azu Ɗan Alalo da yau da ake jin waƙa ta WhatsApp kafin a ji ta a ƙofar sarki? Wa ke koyon gurmi yanzu, kuma a hannun wa? Labarin Malam Mamman Barka, ɗan Tesker da ya je gaɓar tafkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, don kada ta ɓace, ya rasu a 2018, shi kansa tambaya ne a kan abin da ke faruwa da kayan kiɗa in magajinsa mutum ɗaya ne.

Tsarin da ke aiki shi ne jimla biyu na tambayar, jimla biyu na inda aka yi aikin da lokacin da adadin mutanen da aka yi hira da su, jimla ɗaya ko biyu da ke nuna an san wanda ya riga ya rubuta a kai, sauran kuma abin da aka gano. A ambaci malaman gida ba tare da jin kunya ba: Mahaman Garba da ya yi digirin digirgir a kan kiɗan Hausawan Nijar, Dandatti Abdulƙadir a kan Shata, Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka. Masu tantancewa suna daraja wanda ya kawo musu abin da ba su iya karantawa da kansu.

In an karɓa, minti 20 ne na magana da 10 na tambayoyi, kuma ana tsayar da mutum in ya wuce. Wanda Ingilishi ba harshensa ba ne kada ya rubuta fiye da kalma 2,000, in zai sa sauti na minti uku ko huɗu ya rage zuwa 1,700. A yanka misalan sautin tun a gida, kowane kada ya wuce daƙiƙa 40, a sa baitin Hausa da fassararsa a allo. Ana iya haɗa kai mutum uku a nemi zama na minti 90, ko mutum huɗu na minti 120, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi: ɗan Jami'ar André Salifou, da ɗan Bayero, da wani daga Zariya ko Maraɗi, kan magana ɗaya.

Harshe shi ne babban aibin ƙungiyar a wajenmu. Kusan komai da Ingilishi yake tafiya, alhali mai bincike a nan da Faransanci ya yi karatu, da Hausa ya yi aikin fili. Wahala biyu ke nan, kuma fassarar na'ura tana lalata baitin waƙa da sunayen sarauta, har ta mai da sanƙira wani abu dabam. A ba wanda ya san fannin ya duba, ba malamin Ingilishi kawai ba. Wanda ya fi sakewa da Faransanci yana da wata ƙofar: ƙungiyar masu wannan nazari ta Faransa, SFE, da mujallar Cahiers d'ethnomusicologie da ke fitowa daga Janiba tun 1988, wadda tsofaffin fitowarta kyauta ne a shafin intanet na OpenEdition. Mujallar African Music ta cibiyar ILAM da Hugh Tracey ya kafa a Afirka ta Kudu a 1954 ma ana samunta a intanet. SEM ta Amurka, mai tushe tun 1955, babba ce amma tarukanta a Arewacin Amurka suke, biza kaɗai ta isa ta hana. IMS, ƙungiyar masana kiɗa ta duniya da aka kafa a Basel a 1927 ta fi karkata ga tarihin kiɗan da ake rubutawa. A Najeriya akwai ƙungiyar masana kiɗa ta ƙasar, ANIM, wadda zuwa taronta bai fi ƙarfin mota ba.

Wani aibin kuma, makaɗin da aka yi binciken a kansa ba ya cikin lissafi sai in mai binciken ya sa shi. Ƙungiyar tana da takardar ƙa'idojin ɗa'a, amma ba ta da ɗan sanda a Damagaram. Abin da ya rage wa mai bincike ne: ya bi ta hannun shugaban makaɗa da fadawa kafin ya kunna na'ura a fada, ya naɗi izini da bakin mai waƙar a farkon faifai da Hausa, da sunansa da rana da wuri da abin da ya yarda a yi da sautin, ya ware tukwicin ƴan amshi daban da na uban kiɗa, ya koma da kofi a katin waya. Kiɗan bori da waƙar mata ta cikin gida suna buƙatar a tambaya sau biyu, don wadda ta yarda a naɗa ba lalle ta yarda a sa fuskarta a allo a wata ƙasa ba.

Ingancin sautin ma ana lura da shi. Saƙon murya na waya ba ya shiga ma'ajiya. A naɗa da tsarin fayil na WAV, 48 kHz da 24 bit, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ma'ajiyoyi ke so. Awa ɗaya ta sitiriyo a haka tana cin kusan giga ɗaya, katin giga 32 zai ɗauki kusan awa 30. Kakaki da tambari suna fasa sauti in an matsa kusa, kuma sautin da ya fashe ba ya gyaruwa, don haka a ja da baya, a saita yadda mafi ƙarfin bugu zai tsaya wajen -12 dB, a kashe abin da ke daidaita ƙara da kansa, don shi ne ke danne muryar mawaƙi duk lokacin da ganga ta shigo. A lokacin hunturu a sa wa makirfo rigar iska, a ajiye na'ura cikin leda mai zif saboda ƙura. Kofi biyu a wuri biyu, sunan kowane fayil ya fara da shekara da wata da rana, sannan wuri da sunan makaɗi. Tsohon kaset da ya sha zafi a kwali kada a sa shi a rediyon kasuwa don a gwada, juyi ɗaya ya isa ya tsinke shi.

Ƙungiyar tana da wakili a ƙasashen da mambobi ba su da yawa, da kwamitin ƙasa inda suka yi yawa, kuma su ne ke aika rahoton da ake bugawa a jaridar. Rahoton shafi ɗaya a kan kundayen da aka kammala a Damagaram da Yamai da Maraɗi, da sunayen marubutansu da kan maganarsu, abu ne da mutum biyar masu rajista za su iya haɗawa cikin mako guda. Haka kuma RILM, kundin da ke tattara bayanan rubuce-rubucen kiɗa na duniya, wanda wannan ƙungiya tana cikin masu mara masa baya, yana karɓar bayanin aiki daga marubucinsa ko da wane harshe aka yi shi. Kundin mastar da aka rubuta da Hausa ko Faransanci yana iya shiga: sunan marubuci, kan magana, jami'a, shekara, yawan shafi, da taƙaitawa ta ƴan layuka.